Kimiyya Da Sana'a: Kafin A Ƙure Wa Kwamfuta Maleji

Duk wanda ya san Kafanchan ya san cewa garin Reluwe ne. Tun cikin shekarar 1927, sa'ad da ya zama mahaɗar hanyar jirgin ƙasa wadda ta taso daga Fatakwal ta nufi Kaduna da reshen da ya hau Jos, kwal ɗin Inugu da kuzar Jos ta nan suka riƙa ratsawa, har wata unguwa ta samo sunanta daga rumfar gyaran kawunan jirage, watau Bayan Loko. Dattawan da suka yi aiki a zamanin jirgi mai hayaƙi sun san wata doka wadda ba a wasa da ita. Kowace tukunyar jirgi tana da iyakar ƙarfin tururin da za ta iya ɗauka, akwai agogo mai nuna shi, akwai kuma bawul wanda kan buɗe da kansa ya fitar da tururi in abin ya yi yawa. A birnin Charleston na Amurka, cikin watan Yuni na shekarar 1831, wani mai hura wa jirgi wuta ya gaji da ƙarar bawul ɗin, sai ya danne shi don ya yi shiru. Tukunya ta fashe, shi kuwa raunin da ya samu ya zama ajalinsa.

Yau jirgi mai hayaƙi ya zama tarihi, amma jikokin waɗancan ma'aikata suna da wani injin a bisa tebur, shi ma da iyakarsa da agogonsa da bawul ɗinsa. Ɗaliban Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya da na reshen Jami'ar Jihar Kaduna da ke Kafanchan, da masu shagunan buga takardu, da masu haɗa hotunan biki, da samari masu wasannin kwamfuta, kowa kukansa ɗaya ne, injin ya cika nawa, sabo kuwa ya fi ƙarfin aljihu. To, a nan ne wani aboki kan kawo shawarar cewa akwai hanyar ƙara wa kwamfuta gudu kyauta, ba a sayi kome ba. Wannan dabara ita ce masu sana'ar ke kira obakulokin, da Hausa kuwa babu abin da ya fi dacewa da ita kamar a ce ƙure wa kwamfuta maleji. Dabarar gaskiya ce, tana kuma aiki. Sai dai ba kyauta ba ce, kuma a ƙasa irin tamu ta zafi da ƙura kuɗinta ya fi na ko'ina tsada.

YADDA ABIN YAKE

Cikin kowace kwamfuta akwai wani ɗan abu wanda faɗinsa bai wuce na akwatin ashana ba, sunansa furosesa, shi ne ke yin dukkan lissafi. Yana aiki ne bisa bugun wani agogo, kamar yadda 'yan gayya ke bin gangar noma, bugu ɗaya sara ɗaya. In makaɗi ya ƙara sauri kunya ta yi saurin ƙarewa, amma gumi ya ƙaru. In kuwa ya wuce kima, sai a fara sare shuka maimakon ciyawa, can an jima wani ya yanke jiki ya faɗi.

Kwamfutar da kamfanin IBM ya fitar cikin shekarar 1981 agogonta yana bugawa sau miliyan 4.77 cikin daƙiƙa guda. Na yanzu suna bugawa sau biliyan 3 zuwa biliyan 5 ko fiye, kowane biliyan ɗaya shi ake kira gigahaz ɗaya. Lissafin kuwa mai sauƙi ne. Akwai tushen bugu, wanda galibi miliyan 100 ne, akwai kuma wata lamba da ake ninka shi da ita. In lambar 33 ce, gudun injin ya zama gigahaz 3.3 ke nan. Mai son ƙure maleji ya kan shiga wurin saitin asali na injin, wanda ake kira Bayos, ya mai da 33 ta koma 36 ko 40. Da yake kuma gudu mai yawa yana bukatar wuta mai ƙarfi, sau da yawa sai ya haɗa da ƙara ƙarfin wutar da ke shiga furosesa.

Dalilin da ya sa wannan ke yiwuwa shi ne, kamfani ba ya rubuta wa furosesa iyakar gudunsa na ƙarshe. Ya kan rage wani abu ya bar shi rara, domin injin ya yi shekaru yana aiki daidai, ko a ɗaki mai sanyi ko a mai zafi, ko da fanka sabuwa ko da wadda ta sha ƙura. Wannan rarar ita ce mai ƙure maleji ke ci. Kuma ba daidai take ba, gama furosesa biyu masu suna ɗaya da lamba ɗaya, wani ya ɗauki ƙari mai yawa, ɗan'uwansa ya kasa ɗaukar rabinsa.

A da rarar tana da yawa. Cikin shekarar 1998 kamfanin Intel ya fitar da wani furosesa mai araha, Celeron 300A, wanda mutane suka riƙa ɗaga shi daga bugu miliyan 300 zuwa miliyan 450, watau ƙarin rabi cur. Haka nan Core i5-2500K na shekarar 2011, wanda aka rubuta masa gigahaz 3.3, da yawa sun kai shi 4.5. Irin waɗannan labarai ne har yau ke yawo a bakin samari. Amma zamani ya juya. Tun daga shekarar 2008 kamfanoni suka fara sa wa furosesa dabarar ƙara wa kansa gudu in ya ga akwai sauran sanyi, ya kuma sassauta in ya ji zafi. Saboda haka injin zamani ya riga ya ci mafi yawan rararsa tun daga masana'anta, abin da ya saura wa mai ƙure maleji kaɗan ne. Waɗanda kuma suka haura gigahaz 9 cikin watan Disamba na shekarar 2022, gasa suka yi, sun kuma yi ta ne suna kwarara wa injin ruwan iskar hiliyam, mai sanyin digiri 269 ƙasa da sifiri. Wannan ba injin aiki ba ne, dokin sukuwa ne.

INDA HAƊARIN YAKE

Haɗari na farko zafi ne, kuma lissafinsa ya kamata kowane sabon shiga ya haddace. Zafin furosesa yana ƙaruwa daidai da gudunsa, amma game da ƙarfin wuta ninki biyu yake bi. In aka ƙara gudu da kashi 10 cikin 100, aka kuma ƙara wuta da kashi 10 cikin 100, zafin da zai fito zai ƙaru da wajen kashi 33 cikin 100. Furosesa mai cin wat 95 ya koma cin wajen wat 126 ke nan. Ribar fa? Aikin haɗa bidiyo na awa guda ya koma na minti 55. Wajen buga wasiƙa ko duba intanet kuwa, ko mai injin ba zai ga bambanci ba.

Furosesa yana da bawul irin nasa. In zafinsa ya kai wajen digiri 95 zuwa 100, ya kan rage gudu da kansa, in abin ya faskara ya kashe injin. Shi ya sa ba safai ake ganin ya ƙone nan take ba. Amma injin da aka ƙure, ya yi zafi, ya koma yana ja da baya, sau da yawa ya kan fi yadda yake a da nawa. Garin neman ƙiba an samo rama.

Haɗari na biyu ba ya ihu. Wuta mai ƙarfi tare da zafi suna cinye 'yan siraran hanyoyin da ke cikin furosesa a hankali, kamar yadda ruwa ke zaizaye gefen kwalbati. Wannan ci ba ya gyaruwa. Injin da ya ɗauki ƙari bana, baɗi ya ƙi, wata shekara kuma ko gudunsa na asali ya kasa riƙewa. Ko manyan kamfanoni ba su tsira daga wannan ba. Cikin watan Afrilu na shekarar 2023 an sami wasu furosesa na AMD, jerin Ryzen 7000, sun ƙone a mazauninsu, har kamfanin ya ƙayyade wutar wani sashe nasu kada ta wuce bolt 1.3. Cikin shekarar 2024 kuma Intel ya amsa cewa wutar da ta wuce kima ta raunana wasu furosesa nasa na zubi na 13 da na 14, ya fitar da gyara, ya kuma ƙara wa masu su garantin shekara biyu. In injiniyoyin da suka ƙera abin za su iya kuskuren awon wuta, ina ga yaron da ya kalli bidiyo ɗaya a wayarsa?

Haɗari na uku shi ne sare shuka. Furosesa da aka matsa wa ba kullum yake tsayawa cik ba, wani lokaci ya kan ci gaba da aiki yana kuskuren lissafi jefi-jefi. Ta haka fayil kan lalace a ɓoye, ko Windows ya ƙi tashi da safe. Ɗalibin da ya shekara yana rubuta kundin kammala karatu, ko mai shagon da ke riƙe da hotunan auren mutane, hasararsa a nan ta fi kuɗin injin nesa ba kusa ba.

Na huɗu, garanti ba ya ɗaukar ɓarnar da ƙure maleji ta jawo. Intel ya taɓa sayar da wani inshora na musamman domin masu wannan dabara, amma ya daina cikin shekarar 2021. Mafi yawan injinan da ke hannun jama'a ma na gwanjo ne, ba su da garantin tun asali. Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa.

RABON ZAFI DA ƘURA DA WUTA

Masu nuna wannan dabara a Turai da Amurka suna gwajinsu ne a ɗakin da zafinsa bai wuce digiri 22 zuwa 25 ba, wutarsu kuma ba ta rawa. Ɗaki mai rufin kwano a Kafanchan ko Zonkwa ko Kwoi, da azahar cikin watan Maris, ya kan haura digiri 35. Fanka ba ta ƙirƙiro sanyi, iskar ɗakin take turawa, don haka duk digirin da ɗaki ya ƙara, kusan shi furosesa zai ƙara. Tun ba a taɓa kome ba an riga an ci digiri 10 ko fiye daga cikin rarar. Ga ƙurar hunturu wadda ke toshe ƙarfen shan zafi kamar an lulluɓe shi da bargo. Ga wuta mai zuwa da ƙarfi ta koma da rauni, ga ƙaramin janareta mai tari in mai ya kusa ƙarewa, ga tsawar damina. Injin da aka ƙure ya fi kowanne jin waɗannan, domin akwatin wutarsa, watau fawafak, yana aiki ne a bakin iyakarsa, in kuwa fawafak maras kyau ya mutu ba safai yake tafiya shi kaɗai ba.

Kafanchan ta riga ta ga wannan darasi da idonta. Gidauniyar Fantsuam, wadda aka kafa cikin shekarar 1996, mai cibiya a Bayan Loko, ta daɗe tana koya wa matasa aikin kwamfuta da injinan da aka yi amfani da su a waje aka sabunta, ta kuma ga yadda zafi da ƙura da rashin tsayayyar wuta ke gajarta musu kwana. Da ta tashi neman magani, sai ta haɗa kai da wani kamfanin Ingila mai suna ExpLAN wajen gwada wata kwamfuta da ake kira Solo, wadda aka tsara ta ci wutar da ba ta kai wat 10 ba, ta yi aiki da hasken rana ko batirin mota. Abin lura a nan shi ne, mutanen da suka zauna suka nazarci halin garin, injin da ya rage cin wuta ya rage zafi suka nema. Mai ƙure maleji kuwa akasin wannan hanya ya kama.

SHAWARA GA SABON SHIGA

Da farko dai ya tambayi kansa me ke sa injin nawa. Sau da yawa ba furosesa ba ne. Tsohon faifan ajiya mai juyawa ne, ko ƙarancin ram, ko tarin manhajojin da ke tashi tare da injin, ko kuwa ƙura. A kashe injin, a zare waya, a buɗe shi a hure ƙurar, a goge busasshen man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen shan zafi a sa sabo. A musanya tsohon faifai da irin wanda ake kira SSD, a kai ram gigabayit 8 in bai kai ba. Wanda ya yi waɗannan zai ga canjin da ƙure maleji ba zai taɓa ba shi ba, kuma babu haɗari.

Na biyu, ya san irin injinsa. Wata 'yar manhaja ta kyauta mai suna CPU-Z za ta nuna masa sunan furosesa da na babban allo, watau madabod. A wajen Intel, sai furosesa mai harafin K a ƙarshen lambarsa tare da madabod na jerin Z. A wajen AMD, jerin Ryzen da ya fara fitowa cikin shekarar 2017 galibinsu a buɗe suke, muddin madabod na jerin B ne ko X. Kwamfutar tafi-da-gidanka da injinan ofis na HP da Dell da suka cika kasuwar gwanjo a kulle suke, kuma kullewar alheri ce, gama ba a yi musu fankar ɗaukar ƙari ba. Duk wanda ya ce zai sa musu wani Bayos na daban don ya buɗe su, a guje shi, domin kuskure ɗaya a nan ya kan bar injin ko haske ba ya kawowa.

Na uku, kada a yi gwaji da injin da ake ci da shi. Wanda shagonsa ko karatunsa ya dogara ga kwamfuta guda, to, da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Wanda kuma yake da na gwaji, ya fara kwashe dukkan takardunsa ya ajiye a wani wuri dabam.

Na huɗu, a auna kafin a taɓa. A sa manhajar awon zafi irin su HWMonitor, a ɗora wa injin aiki mai nauyi da Prime95 ko Cinebench na rabin awa. In tun a gudunsa na asali ya haura digiri 80, magana ta ƙare, sai an nemi babbar fanka. A tabbata kuma fawafak mai kyau ne, akwai stabilaiza, akwai UPS. Ba a wannan aiki da wutar ƙaramin janareta, ba a kuma yin sa in hadari ya haɗo.

Na biyar, mataki ɗaya-ɗaya. A ƙara lambar ninki da ɗaya tak, watau bugu miliyan 100, a ajiye saiti, a gwada na awa guda ana kallon zafi. In ya tsaya lafiya a ƙara ɗaya. Ƙarfin wuta kuwa sabon shiga ya bar shi inda kamfani ya ajiye shi, ya kuma riƙa dubawa, domin wasu madabod in an bar su su zaɓa da kansu sun kan ɗaga wutar fiye da bukata. Da zarar zafi ya kusa digiri 85, ko injin ya daskare, ko ya nuna shuɗin allo, an kai iyaka. A koma baya mataki biyu, sa'an nan a yi dogon gwaji na awa shida ko fiye. Saitin ƙara wa ram gudu, wanda Intel ke kira XMP, AMD kuma ke kira EXPO, shi ma ƙure maleji ne ko da yake maɓalli ɗaya ake latsawa, a gwada shi da MemTest86.

Na shida, a san hanyar dawowa tun ba a tafi ba. In injin ya ƙi tashi bayan an canja saiti, a zare wayar wuta, a cire ɗan batirin nan mai kama da kwabo da ke jikin madabod, a jira 'yan mintoci a mayar. Saitin asali zai dawo.

Na bakwai, a tuna da kalanda. Saitin da ya zauna lafiya cikin sanyin Disamba ba lalle ne ya kai Afrilu ba. Gwaji na gaskiya shi ne na tsakar rana cikin bazara. Mutane da yawa ma a irin wannan yanayi sun fi cin riba in suka yi akasin abin, watau suka ɗan rage wa furosesa wuta, injin ya yi sanyi, fanka ta yi shiru, batirin inbata ya daɗe.

AMANAR MASU GYARA

Akwai kalma guda ga masu gyara da masu sayarwa. Cikin shekarun 1990 wasu 'yan kasuwa sun riƙa goge lambar furosesa mai ƙaramin gudu su rubuta babba su sayar da tsada, abin da ya sa Intel ya fara kulle lambar ninki cikin shekarar 1998. Mai gyaran da ya ɗaga gudun injin mutum a ɓoye don a ce hannunsa na da kyau, ko mai sayar da furosesan da ya riga ya gasa ba tare da ya faɗa ba, sahunsu ɗaya da waɗancan, tauye mudu ne. Mai saye kuma ya nemi a kunna masa injin, a ɗora masa aiki mai nauyi a gabansa, ya ga zafinsa da idonsa kafin ya biya.

Tun daga shekarar 2015 jarrabawar shiga jami'a ta JAMB ta koma ta kwamfuta gaba ɗaya, saboda haka iyaye da yawa a kudancin Kaduna suka ga tilas su nema wa 'ya'yansu injin ko da na hannu ne. Wani da kuɗin citta ya saya, cittar kuwa kowa ya san irin annobar da ta faɗa mata cikin shekarar 2023. Injin da aka samu da irin wannan gumi bai kamata a sa shi caca don ribar minti biyar cikin awa ba. Sha'awar buɗe injin a ga yadda yake aiki abar yabo ce, da ita ake zama injiniya, kuma wannan fili ba zai hana ta ba. Sai dai yaron da ke son koyo ya nemi tsohon injin da ba a kuka da mutuwarsa, ya riƙa rubuta kowane mataki a littafi, idonsa a kan agogon zafi kamar yadda na kakansa yake a kan agogon tururi. Masu iya magana sun ce sauri ya haifi nawa. Allah Ya sa a dace, amin.